Raguwar ƙarfin motar gazuwal mai turbo: yadda ake gano tushen matsalar

Yawancin motocin gazuwal da ke yawo a Damagaram na hannu ne. Wasu sun yi shekaru suna aiki a Turai kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome, wasu kuma hukumomi da ƙungiyoyi ne suka mora suka sayar. Ƙorafin da aka fi kaiwa garaji game da su shi ne mota ta daina ja: direba ya taka totur har ƙasa amma gudu ya ƙi ƙaruwa, musamman idan da kaya ko ana hawan tudu. Nan da nan akan ɗora wa turbo laifi, alhali yana cikin kayan injin mafiya tsada, kuma sau da yawa lafiyarsa lau. Bin matakan bincike daga mai araha zuwa mai tsada yana hana asarar kuɗi.

Yadda injin ke samun ƙarfi

Injin gazuwal na buƙatar iska isasshiya, da mai da ake fesawa da matsi mai ƙarfi, da buɗaɗɗiyar hanyar fitar hayaƙi. Turbo, wanda injiniya Alfred Büchi na ƙasar Suwizalan ya yi wa rajista a 1905, fankoki biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin injin na juya ta farko, ta biyun kuma ta cusa iska cikin injin, kuma juyawar na iya wuce sau 150,000 a minti ɗaya. A motoci irin su Toyota Hilux D-4D da Peugeot HDi, ana tara mai a bututu guda da matsin da ya haura bar 1,300, tsarin da ya shiga ƙananan motoci a 1997. Kwamfutar mota, wadda ake kira ƙwaƙwalwa, ita ke auna iskar da ta shiga ta ba da mai daidai da ita. Idan ta ga wani awo ya saɓa, sai ta rage ƙarfi da kanta don kare injin, abin da makanikai ke kira mode dégradé da Faransanci. Tsohon injin 1HZ na Land Cruiser ba shi da turbo ko irin wannan ƙwaƙwalwa, shi ya sa bincikensa ya bambanta.

Abin da alamomi ke nunawa

Baƙin hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa, don haka a duba matatar iska, tiyon turbo da bawul ɗin EGR. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nuna injin na ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi mai warin gazuwal alama ce ta man da bai ƙone ba, wanda ba ya wari kuma yana tafe da raguwar ruwan lagireto na nuna ruwa na shiga injin. Rashin ƙarfi ba tare da hayaƙi ba yakan fito daga ƙarancin mai ko daga ƙwaƙwalwa. Idan ƙarfi ya ɓace farat ɗaya, aka kashe mota aka tayar ya dawo, kusan tabbas ƙwaƙwalwa ce ta rage shi. Idan kuma a hankali ya riƙa raguwa cikin watanni, wani abu ne ke toshewa. Akwai kuma abin da ba na injin ba ne: idan ƙarar injin ta hau amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ke sulɓewa, sannan ƙafar da ta yi zafi fiye da sauran na nuna birki ya riƙe.

Iska

A Damagaram daga matatar iska ake farawa. Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana cika ta tun kafin kilomitocin da aka rubuta a littafin mota su cika, domin an yi lissafin ne da hanyoyin Turai. Hura ta da iska mai ƙarfi na iya yaga takardarta, ƙura ta wuce ta cinye fuka-fukan turbo. Bayan matatar akwai ma'aunin iska, wanda ƙura ke sa shi ba ƙwaƙwalwa lissafin ƙarya. Daga nan sai a bi tiyon da ya tashi daga turbo zuwa na'urar sanyaya iska har cikin injin. Zafi na busar da roba ta tsage. Alamarta fito ko huci idan an taka totur, da jiƙewar mai a wurin tsagar. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, iska ba ta da nauyi kamar ta lokacin sanyi, don haka ɗan raguwar ja da tsakar rana ba lalacewa ba ce.

Mai

Matatar SORAZ da ke arewa da gari kan hanyar Tanut ta fara aiki a Nuwamban 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man Agadem, kuma SONIDEP ke rarraba shi. Sai dai man da ya bi ta duro da jarka kafin ya shiga tanki na iya kwasar ruwa, yashi da tsatsa, wani lokaci ma a gauraya shi da kananzir. Matatar mai da ta toshe takan bar mota ta yi lafiya a cikin gari amma ta shaƙe a babbar hanya. A yawancin motocin Toyota akwai wurin tsiyaye ruwa a ƙasan matatar, da fitilar da ke kunnawa idan ya taru. Ana gwada nozul, wato bakin fesa mai, ta hanyar auna man da kowanne ke mayarwa tanki. Wanda ya fi sauran mayarwa sosai ya gaji. Kada a kwance bututun matsi injin na aiki, domin man na iya huda fata.

Na'urar bincike

Tun 2004 ƙananan motocin gazuwal da ake sayarwa a Tarayyar Turai na ɗauke da mahaɗar bincike iri ɗaya mai ramuka 16, galibi a ƙasan sitiyari, inda ake jona na'urar da ake kira baliz. P0299 na nufin iskar turbo ta yi kaɗan, P0234 ta yi yawa, P0087 matsin mai ya faɗi, P0101 ma'aunin iska, P0401 kuma EGR. Lambar na nuna ɓangaren da za a duba ne kawai: tiyo da ya tsage ma na kawo P0299. A rubuta lambobin kafin a goge su, sannan a gwada motar a hanya ana kwatanta matsin da ƙwaƙwalwa ta nema da wanda aka samu.

Hayaƙi

EGR na mayar da wani kaso na hayaƙi cikin injin don rage gurɓata iska. Idan toka ta sa ya maƙale a buɗe, mota kan rasa ja tun daga tashi, kuma wanki kan wadatar. Yawancin motocin Turai na bayan 2009 suna da matatar toka a salansa, wato FAP, wadda Peugeot 607 ta fara fitowa da ita a 2000. Tana ƙone tokar ne a zafin da ya kai kusan digiri 600, abin da ke buƙatar tafiya mai ɗan nisa ba tsayawa. Motar da aikinta bai wuce daga lungunan Birni zuwa Zango ko Kasuwar Dole ba ba ta samun wannan dama, sai matatar ta cika. Cire ta ba tare da gyara ƙwaƙwalwa ba yakan bar mota a rage ƙarfi, ga baƙin hayaƙi da jama'a za su shaƙa.

Turbo da cikin injin

Sai an kawar da waɗannan duka ake zargin turbo. Injin a kashe kuma a sanyaye, a cire tiyon gaba a taɓa sandar: ɗan motsi gefe da gefe daidai ne, amma idan fanka na gogar jiki, ko fuka-fukai sun guntule, ya lalace. A duba siraran tiyon da ke sarrafa shi, domin tsagar ɗaya ta isa ta hana shi aiki. Kafin a ɗaura wani a gano abin da ya kashe na farko, galibi jinkirin juye, baƙin mai marar kyau ko toshewar bututun da ke kai masa mai, in ba haka ba sabon ma ba zai daɗe ba. Matakin ƙarshe shi ne auna matsin silinda, musamman idan mota na wahalar tashi da safe.

Lokacin da ya wajaba a tsaya

Motar da ke rage ƙarfi ba zato haɗari ce wurin wuce babbar mota a hanyar Tanut zuwa Agadas ko ta Magarya, kuma a can garaji ya yi nisa. Idan turbo ya zubo baƙin mai cikin injin, injin na iya ci gaba da gudu da kansa ko an zare makulli. A mota mai giyar hannu, a taka birki sosai, a sa babbar giya a saki kuloci don ya mutu.

Mai niyyar saye ya nemi a tayar masa da mota injin na sanyi, ya tabbatar fitilar injin ta kunna da murɗa makulli sannan ta mutu, a jona baliz, kuma a fita da ita bayan gari a taka ta sosai a giya ta uku da ta huɗu kafin a yi ciniki.