Tarihin Sadarwa da Haske a Cikin Gida

Sadarwa da haske ba tare da waya ba hanya ce ta aika bayanai inda fitila ke sauya ƙarfin haskenta da saurin da ido ba ya iya kamawa, wata na'ura kuma ta karanta sauye-sauyen ta mayar da su murya, hoto ko rubutu. Ana yin ta da hasken da ake gani, ko da hasken infirared wanda idon mutum ba ya gani. Abu guda ne ya tsara tarihinta tun farko: haske ba ya ratsa bango. Wannan ɗabi'a ce ta sa rediyo ya sha gabanta a gidaje, ita ce kuma dalilin da ya sa injiniyoyi ke komawa gare ta a yau.

Tushen fasahar ya girmi rediyo. A shekarar 1880, Alexander Graham Bell da mataimakinsa Charles Sumner Tainter suka aika murya a kan hasken rana a birnin Washington, tazarar mita 213. Muryar mai magana takan girgiza wani siririn madubi, hasken da madubin ya mayar ya faɗa kan sinadarin seleniyom, wanda ke juya shi zuwa lantarki. Na'urar ta yi aiki, amma da zarar hadari ya haɗo sai ta yi shiru. A 1955 kamfanin Zenith na Amurka ya fito da rimot ɗin talabijin mai suna Flash-Matic, wanda ake haska kusurwoyin akwatin da shi, sai dai hasken rana na iya sauya tasha ba da izinin kowa ba. Sai a farkon shekarun 1980 rimot mai amfani da infirared ya bazu, kuma har yau shi ne sadarwar haske mafi yawa a gidajen duniya.

Tunanin haɗa kwamfutoci da haske a cikin ɗaki ya fito fili a 1979, lokacin da Fritz Gfeller da Urs Bapst na cibiyar binciken IBM da ke Zurich suka nuna cewa infirared zai iya dukan bango da silin ya dawo, ya cika ɗaki ba sai an saita na'ura da na'ura ba. A 1993 aka kafa ƙungiyar IrDA, wadda ƙa'idarta ta farko ke ɗaukar kilobit 115 a daƙiƙa, kafin a kai megabit 4. Waɗanda suka yi amfani da wayoyin hannu na wancan zamani sun san ta: a jera waya biyu kan tebur, ƙananan tagoginsu masu duhu na fuskantar juna, tazara ba ta wuce mita ɗaya ba, kowa ya kame hannunsa har hoton ya gama wucewa. Ƙa'idar IEEE 802.11 ta 1997, wadda ta haifi Wi-Fi, ita ma ta tanadi infirared, amma masana'antu suka zaɓi rediyo. Bluetooth da Wi-Fi sun yi nasara domin mai gida yana son na'ura ɗaya ta wadatar da falo da ɗakuna, aikin da haske ba zai iya ba.

Fitilar LED ce ta farfaɗo da batun. Aikin Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura a kan LED mai shuɗin haske, wanda ya ba su kyautar Nobel a 2014, ya buɗe hanyar farar fitila mai iya kunnuwa da mutuwa sau miliyoyi a daƙiƙa. Masao Nakagawa na Jami'ar Keio ya jagoranci bincike kan mayar da fitilar ɗaki hanyar aika bayanai, aka kuma kafa ƙungiyar masu wannan fasaha a Japan a 2003. A 2011 Harald Haas na Jami'ar Edinburgh ya raɗa wa fasahar suna Li-Fi, sannan a 2023 aka amince da ƙa'idar IEEE 802.11bb, wadda ta shigar da haske cikin dangin Wi-Fi.

Masu suka suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Sukan ce hasken rana yana damun na'urar karɓa, mutum yana kashe fitila idan zai kwanta, kuma babu mai son wayarsa ta riƙa haska masa ido tana mayar da bayanai. Na farko ana rage shi da matatar lantarki, domin hasken rana ba ya sauyawa da saurin saƙon. Na biyu da na uku kuwa ƙa'idar 2023 ta kauce musu, domin ta zaɓi infirared mai tsawon nanomita 800 zuwa 1000, wanda ke aiki cikin duhu. Sukar da ta fi ƙarfi ita ce ta kuɗi: kowane ɗaki na bukatar tasa fitilar da wayar da za ta kawo mata intanet, alhali Wi-Fi yana da arha kuma yana cikin kowace waya.

Wannan suka tana rusa da'awar cewa haske zai maye gurbin rediyo, amma ba ta rusa amfaninsa ba. A dogon bene mai gidaje da yawa, na'urorin Wi-Fi na maƙwabta suna cunkushe zango ɗaya, suna rage wa juna sauri. Hasken ɗaki kuwa yana tsayawa a ɗakinsa, ba ya shiga na maƙwabci, wanda ke waje kuma ba zai saci saƙon ta bayan bango ba. Saboda haka gurbin da ya dace da shi a gida shi ne ɗakin da ake bukatar sauri da sirri, rediyo kuma ya riƙe sauran gidan. Ko zai samu wannan gurbi, ya dogara ga ranar da masu ƙera wayoyi da kwamfutoci za su fara sanya na'urar karɓar haske a cikin kayansu tun daga masana'anta.