Malamin Turanci da Zaɓen Ƙasa: Abin da Tarihin Katsina Ya Gani

Tun da darajar Naira ta karye a 2023, hirar malaman makaranta a Katsina ta sauya salo. Dala ɗaya da ake canzawa kusan Naira 460 a hukumance kafin watan Yuni na shekarar, ta haura 1,500 a farkon 2024. Malamin Turanci da albashinsa ya daina kai shi tsakiyar wata ya fara tunanin cewa harshen da yake koyarwa haja ce mai kasuwa a waje. Sai tambaya ta zama: ina za a dosa? Mu da muke sana'ar rubuta manhaja ana yawan kawo mana wannan tambaya, don ana ganin mun san lungunan intanet. Abin da intanet ke fara nunawa kuwa albashi ne. Tarihin garinmu ya daɗe da fitar da malamai da karɓar malamai, kuma abin da ya nuna shi ne zaman malami a ƙasar wani ya fi dogara da abubuwa uku: wa yake bukatar iliminsa, wa zai tsaya masa, kuma wace doka ce ke riƙe da shi.

Mu fara da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, masanin lissafi da ilimin taurari da ya tashi a ƙasar Katsina a zamanin da makarantun su Ɗan Marina da Ɗan Masani suka riga suka yi suna. Ya tafi aikin Hajji, ya rubuta littafinsa kan hatimin lissafi a 1732, wato jadawalin lambobi da kowane layi ke ba da jimilla ɗaya, irin abin da ɗaliban kwamfuta ke rubuta wa manhaja har yau. Daga Hijaz ya zaɓi zama a Alƙahira, inda ya rasu a 1741. Dalilin zaɓin a bayyane yake: Alƙahira na da Azhar, tana da ɗalibai masu neman fanninsa, kuma ya sami mai masauki mai daraja, Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti. A gidan Hasan ya zauna har ƙarshen ransa. Da ya sauka inda ba a san darajar lissafi ba, ko inda babu mai karɓarsa, da wuya sunansa ya iso gare mu.

Turanci kuwa ya kafa gindinsa a Arewa ne daga nan Katsina. An fara karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922. Ginin ƙasar yana nan, ya zama gidan adana kayan tarihi. Makarantar ta yi suna wajen matsa wa ɗalibai kan furucin Turanci. Ahmadu Bello ya kammala a 1931 ya koma koyarwa a Midil ta Sakkwato. Abubakar Imam ya koyar da Turanci a Midil ta Katsina kafin aikin talifi ya ja shi Zariya. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fita a 1933 ya koma Bauchi, kuma Turancin da ya sa daga baya aka riƙa yaba muryarsa a duniya, a nan ya koye shi. An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, daga nan Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau.

Lokacin da malaman wannan zuriya suka fara fita waje, da tikitin dawowa suka fita. Tafawa Ɓalewa ya je Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya biyo baya a 1946. Shekara guda kowannensu ya yi, kuma kowa ya san kujerar da ke jiransa a gida. Aminu Kano ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Ribar tafiyar a gida aka ci ta.

Mun kuma taɓa zama ƙasar da malamai ke ƙaura zuwa cikinta. A shekarun 1970 kuɗin fetur ya shigo, aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, makarantu suka yi yawa malamai suka yi kaɗan. Sai ga malamai daga Ghana, Indiya, Pakistan da Filifin sun cika sakandaren Arewa. Iyayenmu da yawa a hannun malamin Ghana suka koyi nahawun Turanci. Waɗannan malamai sun zaɓi Najeriya ne don a lokacin Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya daraja. Da farashin fetur ya faɗi, a watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takardu wa'adin makonni su fice, kimanin 'yan Ghana miliyan ɗaya suka kama hanya. An ɗan sassauta wa ma'aikata masu ƙwarewa, amma zaman ya riga ya yi tsami. Kafin nan, a 1969, gwamnatin Busia a Ghana ta yi wa 'yan Najeriya irin haka, har da Hausawan zango da suka shekara da shekaru a can. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Kuɗin da ya jawo malami yana iya karyewa cikin shekara biyu, kuma ranar da ya karye takardar zama ce kaɗai za ta yi magana.

A 1987 gwamnatin Babangida, bisa shawarar ministan harkokin waje Farfesa Bolaji Akinyemi, ta kafa shirin TAC, wanda ke tura malamai, likitoci da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka, Karibiyan da tsibiran Fasifik na tsawon shekara biyu. Najeriya ce ke biyan alawus, ƙasar da ta nemi taimako ta ba da masauki. Malamai sun je Gambiya, Uganda, Jamaika har Fiji ta wannan hanya. Ba hanyar yin arziki ba ce, amma ta tara sharuɗɗan nan uku: ƙasar ce da kanta ta nemi malamin, gwamnati ce mai tsaya masa, kuma ranar dawowa a rubuce take.

Idan muka auna ƙofofin yau da wannan ma'auni, hoton da intanet ke nunawa yana canzawa. Koriya ta Kudu na biyan malaman Turanci da kyau, amma bizar koyar da Turanci an gina ta ne kan fasfon ƙasashe bakwai: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ailan, Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Jikan ɗalibin Kwalejin Katsina, komai kyan furucinsa, fasfonsa ake dubawa kafin a ji bakinsa. Ingila ta buɗe wa malaman Najeriya hanyar neman shaidar ƙwarewar koyarwa a watan Fabrairun 2023, sai dai ta karkata ga fannonin da take ƙarancinsu: lissafi, kimiyya da harsunan ƙetare. Ingila ba ta rasa masu koyar da Turanci ba. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf sun fi kusa da mu ta addini da al'ada, amma iƙamar ma'aikaci a ɗaure take da wanda ya ɗauke shi aiki, don haka halin makarantar shi ne rabin rayuwar malamin. Duk wanda dillali ya ce ya shiga da bizar ziyara ko ta Umara a gyara daga baya, ya tuna 1983.

Akwai ƙofar da ba a cika kawowa a hira ba, alhali ba ta kai kilomita 100 daga Ƙofar Yanɗaka ba. Maraɗi Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. A Nijar Turanci harshen ƙetare ne da ake koya a sakandare, 'yan kasuwar da ke hulɗa da Kano da Legas suna nemansa, kuma Jami'ar Maryam Abacha da aka kafa a Maraɗi a 2013 da Turanci take koyarwa. A watan Maris na 2025 kundin mulkin riƙon ƙwarya na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki. Malamin da ke iya bayyana nahawun Turanci da Hausa yana da abin da Baturen Landan ba shi da shi. Sefa kuma a ɗaure take da Yuro, ba ta rawa irin ta Naira. Wannan ƙofa ma da nata ƙaya: an rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, hanyar Jibiya na fama da matsalar tsaro, takardun ofis da Faransanci ake yi, albashin kuma ba zai kama ƙafar na Riyad ba.

Wani malamin Riyad ce za ta dace da shi, wani Maraɗi, wani TAC, wani kuma ya zauna a Katsina ya koyar da ɗaliban waje ta intanet. Kafin a sayar da fili a biya dillali, muna ganin a fara neman sunan makarantar da ta rubuto tana bukatar malamin, a ga nau'in bizar a rubuce, a sami wani namu da ya riga ya zauna a can a ji daga bakinsa, sannan a ware kuɗin dawowa. Adadin albashi shi ne na ƙarshe a wannan lissafi.