Daga garmaho zuwa salula: abin da tarihin ampili ya koya mini

Shekaru bakwai ke nan, ranar bikin rufe lakkol, na ƙone ampilin da iyayen yara suka yi karo-karo suka saya. Lasifika huɗu na ɗaura masa a waya guda don murya ta kai ƙarshen fili. Darakta bai gama gaisuwa ba sai ƙauri ya tashi, wuri ya yi tsit. Kunyar ranar ce ta sa na koma karatu, na bi tarihin waɗannan na'urori tun daga tushe.

Lokacin da Thomas Edison ya ƙera na'urarsa ta naɗar murya a 1877, babu ampili a duniya. Garmahon da kakanninmu suka sani ma, allura ce ke bin faifai, ƙaho ya ƙara wa sautin ƙarfi. A 1906 Lee de Forest ya fito da kwalbar lantarki mai ƙafa uku, wadda daga baya aka gano tana iya mayar da ƙaramin sauti babba. A 1925 kuma Rice da Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana lasifika mai maganaɗisu da naɗin waya, irin wadda ke ɗakunanmu har gobe.

Tun daga nan ampili da lasifika suka zama kamar miji da mata, kowa sai da daidai shi. Ampilin kwalba wat kaɗan yake bayarwa, shi ya sa Paul Klipsch ya ƙera babbar lasifikarsa mai ƙaho a 1946, wadda ɗan ƙarfi kaɗan ke ishe ta cika ɗaki. A 1954 Edgar Villchur ya kawo ƙaramin akwati rufaffe mai zurfin amo, amma mai cin ƙarfi. Taransisto, da aka ƙirƙira a Amurka a 1947, ita ce daga baya ta sa wat masu yawa suka yi araha, ƙananan akwatuna suka shiga gidaje.

Sai zamanin lambobi. Wani injiniyan Ingila, Alec Reeves, ya yi tunanin mayar da sauti lambobi tun 1937, amma sai a 1982 Sony da Philips suka kawo faifan CD kasuwa. A kansa ana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa guda, saboda kunnen yaro mai lafiya yana ji har girgiza 20,000, kuma dole awon ya haura ninki biyu na wannan. To amma lasifika ba ta jin lambobi. Sai an sami na'urar da za ta mayar da su igiyar lantarki, wadda masu sana'ar ke kira DAC. Yau kowace salula tana ɗauke da ita. Masu son sauti mai tsabta kan sayi ta daban su sa tsakanin kwamfuta da ampili.

Ga inda na yi kuskure. Kowace lasifikarmu om 8 ce. Biyu a haɗe kai da kai sun zama om 4, huɗu sun zama om 2. Ampilinmu kuwa an rubuta a bayansa kada a sauka ƙasa da om 4. Na sa shi jan wutar da ta fi ƙarfinsa, ya yi zafi, ya mutu.

Don haka, malamai da iyaye, in za ku sayi kayan sauti na gida ko na lakkol, ku fara da lasifika, sannan ku nemo mata ampili. Ku juya bayansu ku karanta om. Ku duba yawan desibel da lasifikar ke bayarwa da wat guda: mai 90 tana buƙatar rabin ƙarfin da mai 87 ke buƙata, domin ninka wat desibel 3 kawai yake ƙarawa. Ƙaramin ampili da aka murɗa har ƙarshe yana gurɓata sauti, ya ƙone ƙaramar lasifikar sama. DAC kuwa ita ce ta ƙarshe a lissafi, kada ku zuba mata jikkunan da lasifika ta fi buƙata.

Ampilin lakkol na biya shi daga albashina, wata huɗu ina biya. Yanzu duk shekara, in mun zo darasin lantarki, nakan ajiye ƙonannen a kan tebur, in ce yara su lissafa mini om nawa suka kashe shi.