Tarihin Jhulan Goswami, gwanar jifa a wasan kurket na mata

Jhulan Goswami, 'yar ƙasar Indiya, ita ce mace ta farko da ta fitar da 'yan wasa 200 a wasannin kurket na yini guda tsakanin ƙasashe.

Ta shafe shekaru 20 tana yi wa ƙasarta wasa, daga 2002 zuwa 2022, abin da ba kasafai ake gani ba ga masu jifa da ƙarfi, waɗanda raunin baya da na gwiwa kan tilasta musu barin fage da wuri.

A wasan kurket dai, kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11. Mai jifa kan taho a guje ta wurga ƙwallo zuwa ga wasu sanduna uku da aka kafa a nisan kimanin mita 20, yayin da mai bugu ke kare su da faffaɗan katako, tana neman maki.

Idan ƙwallon ta doki sandunan, ko aka cafe ta a sama bayan an buga, to an fitar da mai bugun. Da yawan waɗanda aka fitar ake auna bajintar mai jifa.

Daga Chakdaha zuwa Kolkata

An haifi Jhulan ranar 25 ga watan Nuwamban 1982 a garin Chakdaha da ke jihar Bengal ta Yamma.

A shekarar 1997 tana cikin 'yan matan da ke tsinto ƙwallo a bakin filin Eden Gardens na birnin Kolkata, lokacin da Ostireliya ta doke New Zealand a wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta mata. Wannan wasa ne ya sa ta ƙudiri aniyar zama 'yar kurket.

Da yake babu wurin horar da mata a garinsu, sai ta riƙa shiga jirgin ƙasa tun da asuba zuwa Kolkata, tafiyar kusan kilomita 80, inda ta samu horo a hannun Swapan Sadhu.

Tsawonta na mita 1.8 ya taimaka mata matuƙa, domin ƙwallon da aka wurgo daga sama takan yi tsalle idan ta bugi ƙasa. Saurin jifanta kan kai kilomita 120 a sa'a guda.

Nasarar Taunton

Ta fara yi wa Indiya wasa a watan Janairun 2002, a karawa da Ingila a birnin Chennai, tana da shekaru 19.

Sunanta ya fito sosai a 2006, a wasan kwanaki huɗu da aka yi a garin Taunton na Ingila. Ta fitar da 'yan wasa goma, biyar a kowane zagaye, aka ci maki 78 kacal daga jifanta.

Wannan ne karo na farko da matan Indiya suka lashe jerin irin waɗannan wasanni a ƙasar Ingila.

A shekarar da ta biyo baya, hukumar kurket ta duniya, ICC, ta zaɓe ta gwarzuwar 'yar wasa ta shekara.

Ta riƙe muƙamin kyaftin daga 2008 zuwa 2011. Gwamnatin Indiya ta ba ta lambar yabo ta Arjuna a 2010, sannan ta Padma Shri a 2012.

Sai dai ta yi ganiyarta ne a lokacin da ba a ba kurket na mata muhimmanci ba. Sai a 2006 hukumar kurket ta Indiya, BCCI, ta karɓi ragamar wasan mata, kuma sai a 2015 ta fara ba su kwantiragin shekara-shekara.

Bayan nasarar Taunton, matan Indiya ba su sake buga wasan kwanaki huɗu ba sai a 2014. Shi ya sa irin wannan wasa 12 kawai Jhulan ta buga a tsawon shekaru 20.

Kofin duniya

A watan Mayun 2017 ta zarce Cathryn Fitzpatrick ta Ostireliya, wadda ta fitar da 'yan wasa 180 a wasannin yini guda. Ta cika 200 a watan Fabrairun 2018 a birnin Kimberley na Afirka ta Kudu.

Ta halarci gasar cin kofin duniya sau biyar, inda ta fitar da 'yan wasa 43, amma ba ta taɓa lashe kofin ba.

Sau biyu tana zuwa wasan ƙarshe. A 2005 Ostireliya ta lallasa Indiya da ratar maki 98 a Afirka ta Kudu.

Na 2017 a filin Lord's da ke Landan shi ya fi ciwo. Jhulan ta fitar da 'yan wasan Ingila uku, aka ci maki 23 kawai daga jifanta, amma masu bugu na Indiya suka zube a ƙarshen wasan, Ingila ta yi nasara da maki tara.

Ta daina buga gajeren wasan da ake kira T20 a watan Agustan 2018, domin ta mai da hankali ga na yini guda.

Ritaya

A filin na Lord's ta buga wasanta na ƙarshe, ranar 24 ga watan Satumban 2022. 'Yan wasan Ingila sun yi layi suna tafa mata a lokacin da ta shigo bugu, kuma Indiya ta yi nasara da maki 16.

Ta yi ritaya tana da shekaru 39, bayan fitar da 'yan wasa 255 a wasanni 204 na yini guda, adadin da babu macen da ta kai shi a lokacin. Idan aka haɗa dukkan nau'o'in wasan uku, jimillar ta kai 355.

Wata guda bayan haka, BCCI ta daidaita kuɗin da take biyan mata da maza a kowane wasan ƙasa.

A 2023 Jhulan ta zama mai koyar da jifa a ƙungiyar Mumbai Indians, wadda ta lashe gasar ƙwararru ta mata ta farko a Indiya.

Matan Indiya sun ci kofin duniya a karon farko ranar 2 ga watan Nuwamban 2025, bayan doke Afirka ta Kudu a Navi Mumbai. A wajen bikin, kyaftin Harmanpreet Kaur da abokan wasanta sun miƙa wa Jhulan kofin, ta ɗaga shi tana hawaye.