Yadda Aka Ƙirga Kifin Tafkin Kainji

Busasshen kifin Yawuri da muke saya a kasuwar Zuru yana da tarihin da ya kamata mu sani, domin akwai lokacin da masana suka zauna don gano yawan kifin da ya rage a ruwan da yake fitowa.

An kammala madatsar Kainji a 1968, kogin Kwara ya zama tafki tun daga Bussa har Yawuri. Kifi kuwa ba ya zama wuri guda. Yana bin ambaliya biyu ta kogin, wato farin ruwa na damina da baƙin ruwa mai zuwa daga Gini lokacin hunturu, ya shiga fadama ya yi ƙwai. To, yaya za a ƙirga abin da ido ba ya gani?

Dabarar ita ce a ƙirga masu kamun. Cibiyar binciken kifi da ke New Bussa, tare da wani shirin haɗin gwiwa da Jamus da ya fara a 1993, sun bi ƙauyukan masunta suna rubuta yawan kwale-kwale da taru. Sannan a zaɓi wasu mashigai a auna kamun rana, a yi lissafin na tafkin duka. A 1996 lissafin ya kai kusan tan 38,000. Zuwa 2000 ya sauko wajen tan 13,000. A tsakanin nan ne jihohin Kebbi da Neja suka haramta tarun dala, mai kwashe warangi haɗe da 'ya'yan manyan kifi.

Yawan kamu kan yaudari mutum. A gaɓar Newfoundland ta Kanada, manyan jiragen su sun ci gaba da cika taru alhali kifin teku yana ƙarewa, har gwamnati ta dakatar da kamun a 1992, dubban mutane suka rasa sana'a.

Mu da muke son rubuta tarihin yankinmu, kada mu tsaya ga “da can kifi ya fi yawa”. Mu nemi alƙaluma, mu tambayi wanda ya ƙirga da yadda ya ƙirga, sannan mu je wurin sarakunan ruwa da tsofaffin Sarkawa mu ji nasu lissafin tun suna raye.