Yadda Zarto Ya Hau Dogo: Tarihin Yankan Katako a Miƙe

A cikin aikin kafinta babu abu mai sauƙin faɗa da wuyar yi kamar yanka katako a miƙe. Allon filawud da ake sayarwa a kasuwa tsawonsa ƙafa 8 ne, faɗinsa ƙafa 4, wato milimita 2440 da 1220. Idan zarto ya kauce da milimita 2 kacal a wannan tsawo, ƙofar kabad za ta ƙi rufuwa, durowa za ta riƙa cijewa, mahaɗar allo biyu kuma ta buɗe baki. Gyara ba ya yiwuwa, domin zarto ba ya mayar da abin da ya ci, sai dai a sayi sabon allo.

Shekaru dubbai masu wannan sana'a suna fama da tambaya ɗaya: me zai riƙe zarto a kan layi? Amsa ta farko ita ce ido da hannun gwani. Ta biyu ita ce ƙaton inji da ake kafawa wuri ɗaya, a riƙa kai masa katako. Ta uku ta fito daga kudancin Jamus a 1962, kuma siririn ƙarfen alminiyam ne wanda mutum ɗaya zai saɓa a kafaɗa. Ana shimfiɗa shi a kan allo, zarton lantarki ya bi ta kansa kamar yadda jirgin ƙasa ke bin dogo. Kowace amsa cikin ukun nan ta sauya waɗanda ke da ikon yin aiki mai kyau da kuma abin da za su kashe kafin su yi shi.

Zamanin ido da hannu

Kafintocin tsohuwar Masar sun yi aiki da zarton tagulla. Da yake tagulla tana da laushi, sukan ɗaure katako a tsaye jikin turke, su yi yankan ta hanyar jawo zarton zuwa gare su, don kada ya lanƙwashe. A Sin da Japan an daɗe ana amfani da zare da tawada: a jiƙa zaren, a ja shi ya yi tsantsan daga wannan baki zuwa wancan, a ɗaga tsakiyarsa a saki, ya bar miƙaƙƙen layi a jikin itace. A Turai alli ko gawayi ne ke yin wannan aiki. Zaren yana nuna hanya, amma bin ta ya rage ga mai zarto.

Shi ya sa tsaga gungume zuwa falankai ya zama sana'a mai zaman kanta. A Ingila mutum biyu ke yin ta da dogon zarto a bisa rami. Ɗaya yana tsaye kan gungumen yana duban layi, ɗaya yana cikin ramin yana ja, garin katako na zubo masa a ka. Na sama ne gwani, domin idonsa ne ke riƙe da layin. Irin wannan ido ba ya samuwa sai bayan shekaru na koyo, kuma ba a iya sayensa ko aronsa.

A ƙasar Hausa hanyar da aka bi daban ce. Masassaƙi yana fitar da turmi, da akushi, da kujera daga gungume guda da gatari da gizago, ba tare da ya tsaga falankai ya harhaɗa su ba. Aikin falanki da ƙusa ya yaɗu ne a zamanin Turawa, kalmar kafinta ma daga bakinsu aka aro ta.

Zamanin inji

A 1594 wani ɗan Holan mai suna Cornelis Corneliszoon ya gina injin tsaga itace da iska ke juyawa, abin da ya taimaka wa ƙasarsa ta yi fice wajen ƙera jiragen ruwa. A 1777 Samuel Miller na Southampton a Ingila ya sami takardar mallakar fasaha a kan wani inji mai zarto kewayayye kamar faifai. Faifan ya fi dogon zarto da abu ɗaya babba: ba ya tafiya ya dawo, juyawa yake yi ba tsayawa. Amma yana bukatar ƙarfin ruwa ko tururi, don haka aka kafe shi a tsakiyar tebur, aka koma tura masa katako. Wani shinge na ƙarfe a gefen faifan shi ke tsare faɗin yankan.

A 1906 Wilhelm Altendorf, wanda ke da shagon aikin katako a Balin, ya ƙara wa wannan tebur wani sashe mai zamewa. Ana ɗora katako a kan sashen, a tura su tare su wuce ta gefen faifan. Har yau irin wannan inji shi ne ginshiƙin manyan shagunan kayan ɗaki. Da shi yaron da ya yi 'yan watanni yana koyo zai yanka abin da dā sai gwani. Sai dai miƙewar yanka ta tashi daga hannun mai sana'a ta koma hannun mai jari. Injin yana da nauyin ɗaruruwan kilo, yana cin fili mai yawa gaba da baya, yana kuma son wutar lantarki irin ta masana'anta.

Wani ƙoƙarin ya bi ta ɗaya gefen. Edmond Michel, Bafaranshe mazaunin New Orleans a Amurka, ya ga wahalar masu saran rake da adda, ya yi ƙoƙarin sa wa addar inji. Daga nan tunaninsa ya kai shi ga ƙaramin faifan zarto mai injin lantarki wanda ake riƙewa a hannu. A 1924 shi da Joseph Sullivan suka kafa kamfani a Shikago, wanda zartonsa ya shahara da sunan Skilsaw. Magina sun yi maraba da shi, domin ana hawa da shi kan rufi, ana shiga da shi ko'ina. Amma ya dawo da tsohuwar matsala: hannu ne ke jagorantarsa. Ya isa yankan katakon rufi, bai isa yankan ƙofar kabad ba. Masu dabara sukan matse miƙaƙƙen falanki a kan allo su bi gefensa da zarton, sai dai zarton na iya janyewa daga jikin falankin, kuma kowane yanka sai an lissafa tazarar da ke tsakanin faifai da gefen ƙafar zarto.

Da katako ya zama allo

Abin da ya matsa lamba har aka nemi hanya ta uku shi ne sauyin da katakon kansa ya yi. Filawud siraran ɓawon itace ne da ake mannewa da gam, kowane fefe yana gicciye da na ƙarƙashinsa. A Amurka an baje shi a wani bikin baje koli a Portland a 1905, aka tsayar da ma'aunin ƙafa 4 da ƙafa 8 a 1928, aka kuma samo gam da ruwa ba ya sakinsa a 1934. A Jamus Max Himmelheber ya yi aiki tun shekarun 1930 a kan allon da ake matsewa daga ɓarɓashin itace da gam. Yaƙin Duniya na Biyu ya bar biranen ƙasar a rushe, ga ƙarancin itace, ga miliyoyin gidaje da za a sake ginawa, don haka allon ɓarɓashi ya mamaye aikin kayan ɗaki. Nijeriya ma tana cikin wannan labari, domin a Sapele kamfanin African Timber and Plywood ya kafa babbar masana'antar filawud bayan yaƙin, kuma da sunan garin ake kiran wani jan katako a kasuwannin duniya.

Allo ya zo da wahalhalu uku. Na farko girma da nauyi: allon ɓarɓashi mai kaurin milimita 18 yakan haura kilo 30, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle ya tura irin wannan allo a kan ƙaramin tebur ba tare da ya karkace ba. Na biyu fuska: ana lulluɓe allon da siririn ɓawon katako mai tsada ko da farin roba mai tauri, wanda haƙoran zarto ke ɓantarewa a bakin yanka. Na uku wurin aiki. Tun da Margarete Schütte-Lihotzky ta zana kicin ɗin Frankfurt a 1926, aka kuma sa shi a gidaje kusan 10,000, kabad ɗin da ake kafewa jikin bango ya zama abin yayi. Bango kuwa da wuya ya miƙe daidai da zane, don haka yankan ƙarshe dole a yi shi a cikin ɗakin, nesa da babban inji.

Dogo

Albert Fezer da Gottlieb Stoll sun kafa kamfaninsu a Esslingen kusa da Stuttgart a 1925, suka haɗa farkon sunayensu ya zama Festo. Sun fara da gyaran injinan aikin katako, daga baya suka koma ƙera waɗanda ake iya ɗauka. A 1962 kamfanin ya fito da dogon da zarto ke bi, a 1980 kuma ya fito da zarton da faifansa ke ɓoye cikin kwanso, sai an danna shi sannan ya sauko cikin katako. A 2000 aka ware sashen kayan aikin hannu ya zama Festool, da mazauni a Wendlingen. Mafell, wani kamfanin na wannan yanki, yana da nasa salon, kuma a shekarun 2000 Makita da DeWalt suka shigo kasuwar, farashi ya fara sauka.

Dabarar ba ta da sarƙaƙiya. Dogon yana da ƙunya a bisa, ƙafar zarto tana da kwari a ƙasa, idan suka hau juna zarton ba shi da hanyar kaucewa dama ko hagu. A ƙarƙashin dogon akwai siraran roba da ke kama allo, har sau da yawa ba a bukatar matse shi. A bakinsa akwai wata robar da zarton ke datsewa ranar da aka fara aiki da shi, daga nan bakin robar ya zama ainihin inda faifai zai bi. Kafinta ya sa alama biyu, ya daidaita bakin robar da su, lissafin tazara ya ƙare. Robar nan tana da aiki na biyu: haƙoran faifai suna shiga allo ta ƙasa su fito ta sama, a wurin fitar ne suke ɓantare fuska, ita kuwa tana danne fuskar daidai wurin.

Zartunan da aka fi amfani da su suna da faifai mai faɗin milimita 160, suna yanka zurfin da ya kai 55, abin da suke ci na katako kuma bai wuce milimita 2 da 'yan kai ba. Dogon da aka saba gani tsawonsa milimita 1400 ne, wanda ya isa ƙetare faɗin allo, ana kuma haɗa biyu don yanka tsawonsa. Masu aikin ƙwarai sukan shimfiɗa allon a kan wani abin da ba a damu da shi ba, su saita zurfin ya wuce kaurin allon da kaɗan. Idan fuskar mai saurin ɓantarewa ce, sukan fara wucewa da zurfin milimita 2 ko 3, sannan su dawo su raba. Da yake faifan na iya saukowa a tsakiyar allo, ana fafe gurbin kwanon wanke-wanke ba tare da an faro daga baki ba.

Akwai ribar da ta fi ta katako. A Amurka hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙiyasta cewa zarton tebur na kai mutum kusan 30,000 asibiti a kowace shekara, da yawansu yatsu ne suka gamu da faifai. A kan dogo hannu biyu na bisa zarton, faifan yana ƙarƙashin allo ko cikin kwansonsa. Kwanson kuma yana da bakin da ake haɗawa da na'urar zuƙar ƙura, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar.

Iyakar dogo

Dogo bai kori tebur ba. Idan ana son siraran katako 50 masu faɗi ɗaya, shingen tebur ya fi sauri, domin sau ɗaya ake saita shi, dogo kuwa sai an sake aunawa a kowane yanka. Kuma dogo miƙewa kawai yake bayarwa. Idan alama ɗaya ta kauce, zai yanka karkataccen layi sumul ba gargada. Tef da sikwaya, da auna allo daga kusurwa zuwa kusurwa don a ga ko tsawon biyu sun zo ɗaya, duk suna nan a wuyan mai sana'a.

Abin da dogo ya sauya shi ne kuɗin shiga aikin ƙwarai. Kafintan da ke sayen allo a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko a Dei-Dei ta Abuja, yana aiki da ma'aunin da aka tsayar a Amurka a 1928, yana kuma fuskantar matsalar da kafintan Jamus ya fuskanta bayan yaƙi. In ba shi da babban inji, ko dai ya kai allon wurin masu inji ya biya kuɗin yanka da na dako, ko ya yanka da hannu ya rufe aibin da gam da fenti. Zarton dogo yana da tsada a kuɗinmu, yana kuma son wuta. Amma yana shiga bayan ƙaramar mota, ƙaramin janareta na iya tayar da shi, kuma yana ba shago mai ɗaki ɗaya irin yankan da tun 1906 ake samu kawai a wurin mai jarin sayen injin da ya cika ɗaki.