Hanyoyi masu rahusa na dawo da ƙarfin injin tsohuwar ƙaramar mota

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mai ya zama babban nauyi a kan direbobin haya. A garuruwa irin su Salka, da ke Ƙaramar Hukumar Magama a Masarautar Kontagora, Jihar Neja, tsofaffin ƙananan motoci kamar Golf da Starlet na cikin masu jigilar mutane da amfanin gona zuwa kasuwanni. Mafi arhar gyara ga irin waɗannan injina shi ne dawo da ƙarfin da suka rasa saboda tsufa da rashin kulawa.

Inji na buƙatar abu uku: iska, mai da wuta. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin karkara kan toshe matatar iska, sai motar ta yi nauyi. Idan mai kafireto ce, shan manta ma ya ƙaru. Sauya matatar ba ya da tsada. Haka nan fulogin da ya cinye yakan bar mai bai ƙone duka ba. Akan sauya fulogi na gama-gari bayan tafiyar kimanin kilomita 30,000. Wanke kafireto ko nozul, da daidaita lokacin tashin wuta, su ma suna farfaɗo da inji.

Baƙin mai kuwa, inda ƙura ta yi yawa, ya kamata a juye shi kusan kowace kilomita 5,000, tare da matatarsa. Ƙarancin iska a taya da lodin da ya wuce kima suna cinye ƙarfin da aka samu.

Akwai dabarun da ke cutarwa. Wasu kanikawa kan cire tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin ruwan lagireto, da nufin hana inji zafi. Alhali an ƙera inji ne ya yi aiki a zafin da ya kai kusan digiri 90 a ma'aunin Salshiyos; idan bai kai ba, sai ya ƙara shan mai, ya kuma saurin lalacewa. Fasa salansa ma ƙara kawai yake jawowa.

Mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG, wadda Gwamnatin Tarayya ta ƙarfafa a 2023, yana rage kuɗin mai, amma yakan ɗan rage ƙarfin inji, kuma amfaninsa ya dogara da samun wurin sayen gas a kusa.

Idan inji yana fitar da shuɗin hayaƙi, alama ce ta yana ƙona baƙin mai, galibi saboda ringi ya cinye. A nan ƙananan gyare-gyare ba za su wadatar ba, sai an sauke injin.